Koyar da Labarin Tuban Scrooge ga Ɗaliban Sakandare: Nasiha ga Matasan Malamai

A Christmas Carol gajeren ƙagaggen labari ne da marubucin Ingila Charles Dickens ya wallafa a Landan ranar 19 ga Disamba, 1843. Labarin wani attajiri ne marowaci mai suna Ebenezer Scrooge, wanda fatalwar abokin kasuwancinsa da wasu ruhohi uku suka ziyarta a daren jajibirin Kirsimeti, gari na wayewa ya tashi da wani hali dabam. Babi biyar ne kacal, kalmominsa ba su kai 30,000 ba, shi ya sa makarantu suke son sa: ana iya gama shi cikin zango ɗaya ba tare da an tsallake ko shafi guda ba. A Ingila yana cikin littattafan ƙarni na 19 da ake zaɓa wa ɗalibai a jarrabawar GCSE, wadda ake zanawa a wajen shekara 16, kuma malaman Turanci da adabi a ƙasashe da dama suna ɗaukar sa don karatun aji.

Gajartar tasa takan ruɗi matashin malami. Yakan ga kamar tatsuniya ce mai darasi ɗaya, wato rowa ba ta da kyau, sai ya rubuta wannan a allo a darasin farko, ya shafe sauran makonni yana maimaitawa. Ɗalibai kuwa sun san rowa ba ta da kyau tun kafin su shiga firamare. Abin da ba su sani ba, wanda littafin ya ƙware wajen nunawa, shi ne yadda zuciyar mutum take bushewa sannu a hankali, da abin da tuba take bukata kafin a kira ta tuba. A kan waɗannan biyun ya kamata a gina koyarwar.

Kafin a buɗe shafin farko, ɗalibai suna da haƙƙin sanin wanda ya rubuta littafin da halin da ya rubuta shi a ciki. An haifi Dickens a Portsmouth a 1812. Yana ɗan shekara 12 aka kai mahaifinsa, John Dickens, kurkukun Marshalsea saboda bashi, a 1824. Shi kuma aka tura shi aiki a wata masana'antar man goge takalmi mai suna Warren's, yana manna takarda a jikin kwalabe a kan sule 6 a mako. Abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa, ya ɓoye shi ga kusan kowa, jama'a ba su san da shi ba sai da amininsa John Forster ya rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa a 1870. Yaron da ke aji uku ko huɗu na sakandare zai fahimci wannan da wuri, domin shekarunsa ba su yi nisa da na wancan yaron ba. Idan ya ji cewa mutumin da ya ƙago Scrooge ya taɓa kwana da yunwa, ya taɓa kai wa mahaifinsa ziyara a gidan yari, zai karanta littafin da wani ido.

Shekarar 1843 ita kanta tana da nata labarin. A farkonta aka fitar da rahoto na biyu na hukumar da aka kafa a Birtaniya don binciken aikin da ake sa yara, kuma abin da ke cikinsa ya tayar wa Dickens da hankali har ya yi niyyar rubuta ƙasida don kare 'ya'yan talakawa. A watan Satumba ya ziyarci makarantar Field Lane a Landan, ɗaya daga cikin makarantun sa-kai da ake tara yaran titi masu tsummokara ana koya musu karatu. A farkon Oktoba ya yi jawabi a Manchesta a kan ilimin ma'aikata. Daga nan ya bar maganar ƙasida, ya koma ga labari, ya rubuta shi cikin kamar mako shida. Ya nace a buga shi da kyau, da zane-zanen John Leech, a sayar a kan sule 5. Kwafi 6,000 na bugun farko suka ƙare kafin ranar Kirsimeti, ko da yake tsadar bugun ta cinye yawancin ribar da ya sa rai.

Abu biyu ne daga tarihin lokacin ba za a iya tsallake su ba, domin in babu su babin farko ba zai yi ma'ana ba. Na ɗaya shi ne dokar talakawa ta 1834, wadda ta sa marar galihu ba zai sami taimakon hukuma yadda ya saba ba sai ya shiga gidan aikin talakawa, inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, a ba su aiki mai wuya da abinci kaɗan, da gangan, don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Na biyu shi ne ra'ayin Thomas Malthus, wanda ya rubuta a 1798 cewa yawan jama'a yana ƙaruwa fiye da abinci. Lokacin da mutane biyu masu tara wa talakawa taimako suka shiga ofishin Scrooge, ya kore su da hujjar cewa akwai kurkuku, akwai gidajen aikin talakawa, kuma wanda ya ƙi zuwa can in ya mutu an sami ragin jama'a. Ɗalibin da bai san tarihin ba zai ɗauka mugun tsoho ne kawai yake magana. Wanda ya sani zai gane cewa Scrooge yana faɗin abin da masu hali da masu mulki da yawa suke faɗa a lokacin, kuma suna ganin kansu masu hankali. Dickens ya ɗauki maganar da ake girmamawa ya sa ta a bakin mutumin da ba a so, don mai karatu ya ji muninta. Darasi ɗaya ko biyu sun isa ga wannan shimfiɗa. Malamin da ya shafe wata guda yana tarihin zamanin Sarauniya Biktoriya ya mayar da ajin adabi ajin tarihi, kuma zai isa ga labarin bayan ɗalibai sun gaji.

Akwai maganar addini, wadda malamin da ke koyar da 'ya'yan Hausawa zai ci karo da ita tun ranar farko, kuma gara ya tare ta da kansa. A aji ɗaya za a iya samun Musulmi da Kirista. Wani zai tambaya me ya sa za a karanta littafin Kirsimeti, wani ya ce matattu ba sa dawowa. Amsa ta gaskiya ita ce littafin adabi ne, ba ya neman kowa ya canza aƙidarsa, kuma fatalwa a cikinsa dabara ce ta mai ba da labari, kamar yadda aljanu da dabbobi masu magana suke a tatsuniya. Ba da labarin fatalwa a dararen hunturu al'ada ce a Ingila ta wancan zamani. Kirsimetin da Dickens ya zana kuwa ta fi karkata ga ciyarwa da zumunci da tausayin mabukaci, abubuwan da kowane ɗalibi ya san irinsu a gidansu ranar biki. Bai kamata malami ya ɓoye cewa littafin ya fito daga al'ummar Kirista ba, domin akwai zuwa coci da ambaton Almasihu a ciki, haka kuma bai kamata ya mayar da darasin wa'azi ba, ko na wane ɓangare. Ɗalibai da kansu za su kawo maganar zakka da sadaka da haƙƙin maƙwabci. A bar su su kawo, a saurara, sannan a mayar da su kan shafin da ake karantawa.

Hanyar karatun ita ce a karanta da murya. Dickens da kansa ya yi shekaru yana karanta wannan labari a gaban jama'a, tun daga Birmingham a Disamban 1853 har zuwa shekarar da ya rasu, kuma duk wanda ya karanta shi a bayyane zai ji an gina jimlolin ne don kunne. Turancinsa na 1843 ne, jimlolin dogaye ne, akwai kalmomin da ko yaran Landan na yau ba su sani ba. Ga ɗalibin da Turanci yake harshensa na biyu ko na uku, nauyin ya ninka. Abin da ke aiki shi ne malami ya karanta shafukan farko da kansa, a hankali, yana canza murya daga mai ba da labari zuwa Scrooge zuwa ɗan 'yar'uwarsa Fred, ɗalibai suna bi da ido. Ya zaɓi kalmomi kaɗan da ma'anar wurin ta rataya a kansu ya bayyana tun kafin a fara, sauran a wuce su. Tsayawa a kan kowace kalma yana kashe labari. Babu laifi a tsaya a ƙarshen shafi a ce wani ɗalibi ya faɗi abin da ya faru da Hausa, domin wanda ya iya mayar da labari da harshen gidansu ya fahimce shi, kuma daga nan rubuta shi da Turanci yakan zo da sauƙi.

Babin farko yana gabatar da Scrooge a ofishinsa cikin sanyi da hazo. A nan ya kamata a koya wa ɗalibai lura da ƙananan abubuwa. Akwatin kwal yana ɗakin maigida, don haka akawunsa Bob Cratchit ba ya iya ƙara wa wutarsa ko ɗan gutsure, sai ya koma jin ɗumin kyandir. Albashinsa sule 15 ne a mako, yana da mata da 'ya'ya shida. Hutun rana ɗaya na Kirsimeti ma sai da Scrooge ya yi masa gorinsa. A ce ɗalibai su ajiye shafi guda a littafinsu su rubuta duk wanda Scrooge ya cutar ko ya wulaƙanta a wannan babi da abin da ya yi masa: akawu, Fred, masu tara taimako, yaron da ya zo waƙa a bakin ƙofa. Za a bukaci wannan shafi a babi na ƙarshe. Sannan fatalwar abokin kasuwancin Scrooge, Jacob Marley, wanda ya mutu shekara bakwai cif a wannan daren, ta bayyana tana jan sarƙar da aka ƙera da akwatunan kuɗi da makullai da kwaɗuna da littattafan lissafi. Abin lura shi ne Marley bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Azabarsa ita ce yana ganin mabukata yanzu, yana son ya taimaka, dama ta wuce. Tambayar da ta dace a nan ita ce ko mutum zai zama mai laifi saboda abin da bai yi ba. Ajin sakandare zai iya shafe darasi guda yana muhawara a kanta.

Babi na biyu shi ne zuciyar littafin ga matasa, kuma shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Ruhun Kirsimetin da ta wuce ya mayar da Scrooge ƙuruciyarsa, sai ga shi yaro shi kaɗai a makarantar kwana lokacin hutu, kowa ya tafi gida an bar shi, ba shi da abokin hira sai littattafai. Daga cikin waɗanda yake karantawa akwai labarin Ali Baba, wanda ɗaliban da suka san Dare Dubu da Ɗaya za su ji daɗin ganin sa a hannun yaron Ingila. Daga baya ƙanwarsa Fan ta zo ɗaukar sa, tana murnar cewa mahaifinsu ya yi laushi fiye da da. Dickens bai ƙara bayani a kan uban ba, amma wannan 'yar maganar ta isa a gane irin gidan da yaron ya fito. Ɗaliban makarantar kwana sun san zafin ranar ziyara da ba wanda ya zo. Malami mai hankali ba zai nuna wani yaro ya ce ya ba da nasa labarin ba. Ya isa a ba da aikin rubutu wanda kowa zai yi shi kaɗai, wanda ya ga dama ya karanta wa aji.

Bayan makaranta sai gidan Fezziwig, ubangidan da Scrooge ya koyi kasuwanci a wurinsa, wanda yake rufe shago ya shirya wa yaransa da maƙwabta liyafa. Ruhun ya nuna kamar abin bai taka kara ya karya ba tunda kuɗi kaɗan aka kashe, sai Scrooge da bakinsa ya kare tsohon ubangidansa, ya ce ubangida yana da ikon sauƙaƙa wa yaransa aiki ko ya mayar musu da shi azaba, ko da kallo ko da kalma. Yana gama faɗa ya tuna da nasa akawun. Wannan wuri yana da muhimmanci domin ya nuna cewa Scrooge ya taɓa ganin misali mai kyau, ya san shi, ya bar shi. Sannan Belle, budurwar da ya yi wa alkawarin aure tun suna talakawa, ta warware alkawarin domin ta ga son dukiya ya maye gurbinta. A maganarta ta nuna cewa tsoron duniya ne ya kai shi ga haka, tsoron talauci da raininsa. A nan ɗalibi zai ga cewa rowar Scrooge tana da uwa, kuma uwar tsoro ce. Matashin da yake karatu don ya fitar da gidansu daga talauci yana bukatar ya ji wannan. Neman arziki ba aibi ba ne, littafin ma bai ce aibi ba ne, tunda Fezziwig ɗan kasuwa ne mai wadata. Haɗarin shi ne mutum ya yi ta ajiye mutane gefe yana cewa sai ya samu tukuna, har ranar da zai samu ya waiwaya babu kowa.

Duk da haka kada a bar ɗalibai su mayar da ƙuruciyar Scrooge uzuri. Fan ta tashi a gida ɗaya da shi, ta mutu da zuciya mai taushi. Bob Cratchit ya fi shi sanin talauci, bai bushe ba. Sanin dalilin hali dabam yake da wanke mai halin, kuma koya wa 'yan shekara 15 su riƙe waɗannan biyun a lokaci ɗaya yana daga cikin manyan amfanin adabi.

A babi na uku ruhun Kirsimetin bana ya kai shi gidan Cratchit a unguwar Camden Town, inda iyalin Dickens suka taɓa zama yana yaro. Ana cin dinya guda da dankali ana yabawa kamar liyafar sarki. Babbar 'yar, Martha, tana koyon ɗinkin huluna, ta zo hutu a gajiye. Ƙaramin ɗan, Tiny Tim, gurgu ne mai sanda da ƙarafa a ƙafa, kuma ruhun ya ce in abubuwa ba su canza ba yaron ba zai kai baɗi ba. Da Scrooge ya nuna damuwa, sai ruhun ya mayar masa da maganarsa ta babin farko a kan ragin jama'a. A sa ɗalibai su nemo maganar a wuraren biyu su gwada: kalmomi ɗaya ne, amma a karo na biyu suna da fuska da suna. Wannan ita ce dabarar littafin gaba ɗaya, mayar da adadi ya zama mutum. A kuma kula da matar Cratchit, wadda ta ƙi yarda da sauƙi a yi wa Scrooge fatan alheri a kan abincinta. Fushinta gaskiya ne, kuma yana hana a ɗauka cewa talakan kirki shi ne mai shiru. Game da Tim kuwa, in akwai mai nakasa a aji, malami ya yi hattara kada darasin ya koma kallon tausayi. Ana iya tambayar ɗalibai ko Dickens ya ba yaron rai irin na sauran yara ko ya yi amfani da shi ne don ya motsa zuciyar mai karatu. Tambaya ce ta halal, masu nazari sun daɗe suna yin ta.

A ƙarshen babin ne yara biyu ramammu suka fito daga ƙarƙashin rigar ruhun, namiji sunansa Jahilci, mace sunanta Rashi. Ruhun ya ce 'ya'yan ɗan Adam ne, ya yi gargaɗi a kan su biyun, amma ya fi tsananta gargaɗi a kan namijin. Wasu finafinai sukan gajarta wannan wuri ko su cire shi, malamai kuma sukan wuce shi da sauri don ba shi da daɗi. Kuskure ne babba. A nan ne ƙasidar da Dickens ya fasa rubutawa ta shiga cikin labarin. A 1843 babu dokar da ta wajabta sa yaro makaranta a Ingila. Sai a 1870 aka yi babbar dokar ilimin firamare, a 1880 aka wajabta zuwa. Ɗalibin da yake wuce yara masu talla da masu bara a hanyarsa ta zuwa makaranta ba ya bukatar a fassara masa waɗannan yara biyu. Abin da yake bukata shi ne a tambaye shi dalilin da ya sa marubucin ya ga jahilci ya fi yunwa haɗari, sannan a bar shi ya yarda ko ya musa da hujja.

Babi na huɗu gajere ne a wajen koyarwa, domin yana koyar da kansa. Ruhun ƙarshe ba ya magana, nuni kawai yake yi. 'Yan kasuwa suna hirar wani mamaci ba tare da ko ɗan jimami ba. Masu yi masa aiki sun kwashe labulen gadonsa da rigar da aka sa wa gawarsa sun kai shagon wani mai sayen tarkace. Mutanen da kawai mutuwar ta taɓa su ne wasu ma'aurata da yake bi bashi, su ma sauƙi suka ji. A gidan Cratchit kuwa ana makokin Tim. Ɗalibai sukan gane wane ne mamacin tun kafin Scrooge ya karanta sunansa a kan kabari, kuma yana da kyau a tambaye su me ya hana shi ganewa. Mutuwa biyu aka jera, ta attajiri da ta ɗan akawu, kuma gwada su aiki ne mai kyau na rubutu.

A babi na biyar ne ake komawa ga shafin da aka ajiye tun farko. Ɗalibai su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Scrooge ya aika wa gidan Cratchit ƙaton talo-talo ba tare da ya faɗi sunansa ba. Ya haɗu da ɗaya daga cikin masu tara taimako a titi, ya nemi gafararsa, ya raɗa masa adadin da zai bayar, ya ce har da bashin shekarun baya a ciki. Ya je gidan Fred, ya yi ta kai da kawowa a ƙofa kafin ya sami ƙarfin halin ƙwanƙwasawa. Washegari ya ƙara wa Bob albashi, ya yi alkawarin tallafa wa iyalinsa, ya ce a ƙara wuta a sayo wani mazubin kwal. Tim bai mutu ba, Scrooge ya zame masa uba na biyu. Idan aka jera haka, ɗalibi zai ga cewa tuban bai tsaya ga kuka da nadama ba. An koma ga waɗanda aka cuta, an biya da dukiya da kunya, kuma an ci gaba bayan biki ya wuce. Ƙarin albashin ya fi talo-talon nauyi, domin talo-talo kyauta ce ta rana ɗaya, albashi kuwa haƙƙi ne na kowane mako. Akwai kuma abin da bai gyaru ba: Belle ta yi aurenta, Fan ta mutu, shekarun da suka wuce sun wuce. Littafin bai ɓoye wannan ba, malami ma kada ya ɓoye.

Daga nan sai muhawarar da ta fi kowace armashi. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Littafin ya ce dattijo zai iya canzawa cikin dare ɗaya. A raba aji biyu, kowane ɓangare ya kawo hujja daga shafukan littafin. Masu cewa tsoron kabari ne kawai ya motsa shi suna da babi na huɗu. Masu cewa canjin na gaske ne za su nuna cewa ya fara zubar da hawaye tun a makarantar ƙuruciyarsa, ya yi nadamar korar yaron mai waƙa, ya tambayi makomar Tim, duk kafin ya ga kabari. Ga manyan ɗalibai ana iya ƙara sukar da George Orwell ya yi a maƙalarsa ta 1940, cewa Dickens yana neman mutane su gyara zukatansu ne, ba ya kawo wani tsari da zai maye gurbin wanda ya haifar da talaucin. Tambayar ita ce me zai faru da sauran akawunan Landan waɗanda ba a aiko wa iyayen gidansu ruhohi ba. Ba dole a rufe muhawarar da hukunci ɗaya ba, amma dole kowane ɗalibi ya fita da ra'ayin da zai iya karewa da shafi da layi.

Finafinan littafin suna da yawa: na 1951 wanda Alastair Sim ya fito a matsayin Scrooge, na 1984 na George C. Scott, na 'yan tsana na 1992 wanda Michael Caine ya fito, da na zane na 2009 na Jim Carrey. Amfaninsu yana zuwa bayan karatu. In aka nuna fim tun farko, ɗalibai za su rubuta fim a jarrabawa, har da abubuwan da babu su a littafi. Gara a nuna ɗan yanki bayan an gama babi, a tambayi abin da aka cire da abin da aka ƙara da dalili. Inda babu wutar lantarki ko na'ura, wasan kwaikwayo a gaban aji ya wadatar, kuma sau da yawa ya fi, domin yaron da ya tsaya a matsayin Bob yana neman hutun rana ɗaya ba zai manta da wurin ba.

Wajen auna fahimta, tambayoyin haddace sunaye da jerin ruhohi suna da ɗan wurinsu, amma kada su zama su ne jarrabawar. Tambaya mai kyau tana ba ɗalibi ɗan yanki daga littafin ta ce ya nuna yadda marubucin ya yi amfani da sanyi da wuta, ko haske da duhu, sannan ya haɗa shi da sauran labarin. A koya musu kawo gajeruwar hujja daga matani su yi bayaninta da kalmominsu, maimakon kwafe dogon sakin layi. A kuma ba su aikin ƙirƙira ko da guda ɗaya, kamar wasiƙar da matar Cratchit za ta rubuta wa 'yar'uwarta wata shida bayan canjin, tana faɗin ko ta yarda da shi ko har yanzu tana jira ta gani. Mako shida zuwa takwas sun isa ga littafin duka in ana darasi uku ko huɗu a mako. Matashin malamin da zai koyar da shi a karon farko ya karanta shi sau biyu kafin zango ya fara, ɗaya a zuci, ɗaya da murya, ya sa alama a wuraren da zai tsaya ya yi tambaya, kuma ya shiga aji da littafin kansa a hannu, kada ya dogara da taƙaitawar da ake samu a intanet.